Hannun Dama, Hannun Hagu

Har yau idan na tuna koyarwar gwajin da na yi a wata firamare kusa da Bunkure, sai raina ya ɓaci. Kwalejinmu ta horar da malamai ce ta tura ni, aka ba ni aji huɗu. Lokacin ɗibar tumatir ne, yara sai rana ta ɗaga suke shigowa daga lambu, hannuwa kore shar. Kwana biyu kacal na gane cewa yawancinsu ko sunansu ba sa iya karantawa. Na ajiye manhaja, na koma baƙi da wasali. Muka fara da ruwa, kwando, taki, abubuwan da suke gani kullum. Cikin wata guda sun fara haɗa baƙi.

Sai ga malamin da kwaleji ta turo ya duba ni, riƙe da fom ɗin ƙa'idojin aikin malanta. Ya zauna a bayan aji, idonsa na kan takarda. Ko sau ɗaya bai leƙa littafin wani yaro ba. Da na gama ya ce, "Ina hoton kwali? Ina darasin da manhaja ta ce a yi wannan makon?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran ba su iya karatu ba."

Ya ce, "Babu wannan a fom. Zan dawo nan da mako uku. In ka sake faɗuwa, sai baɗi."

Sai baɗi! Mahaifina shekara uku yana noman rani don in samu takardar shaidar malanta. Da wane baki zan ce masa ya ƙara shekara?

Hedimasta ya ja ni gefe, ya koya min dabarar da kowa ya sani. Darasi ɗaya za ka zaɓa, ku yi ta maimaita shi. Ranar dubawa kowa ya ɗaga hannu: wanda ya san amsa dama, wanda bai sani ba hagu. Kai kuma masu dama kawai za ka kira.

Na yi, wallahi na yi. Mako uku cur muna haddar darasi ɗaya kamar aku. Karatun da muka faro ya tsaya cak. Na sayi kwali, na zana sassan fure a garin da kowane yaro ya fi ni sanin furen tumatir.

Ranar da mai dubawar ya dawo, hannaye suka tashi rututu. Mutumin ya washe baki, ya cike fom da maki. Ya ce, "Ka gani? Yanzu ka zama malami."

Haushinsa nake ji, amma na fi jin haushin kaina. Na rusuna na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ranar Juma'a na tattara kayana na bar garin, na bar yaran ba su iya karatu ba.