Gorar Ruwan Baffa

Ni ce na shirya tafiyar nan, kuma ba wanda zai ce ban yi shiri ba. Mutanen gidanmu sun san halina, in na sa abu a gaba sai na takura wa kowa. Jarka biyu na cika da ruwa, na sayi katan ɗin ruwan gora a kasuwar Azare, na zuba ƙanƙara a kula, na ƙulla gishiri da sukari, har malafa uku na saya. Maigidana ya ce ko Makka za mu a ƙafa ne. Na ce ya dai ja mota, ya bar mini sauran. Abu ɗaya na manta, kuma shi ne ya raba ni da mahaifina.

Baffa muke ce masa. Bafulatani ne na Udubo, ya yi kiwo tun yana saurayi har ƙafa ta gaza. Shekara da shekaru yana ba mu labarin tuddan yashi da ke can arewa da Gashuwa, inda ya taɓa kai shanu, da tafkunan da goruba ta kewaye. Yanzu gwamnati ta keɓe wurin, baƙi na zuwa kallo. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya ce mini yana so ya sake ganin wurin tun idon yana aiki. Ni da maigidana duka malaman makaranta ne, hutun da muka samu kuwa ya faɗo tsakiyar bazara. Na ce ba komai, ai ruwa ne maganin rana.

Abin da na manta shi ne Baffa ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Shekara goma sha ɗaya da aurena, maigidana bai taɓa ganin ya kai ko loma ɗaya baki ba. In mun je Udubo, Inna ce ke kai masa ruwa ɗaki a ɓoye, ya sha ya fito. Na san haka sarai, a ciki na tashi. Amma Inna ba ta zo ba, kuma mota ba ta da ɗaki.

Bayan asuba muka ɗauke shi. Na zaunar da shi a gaba saboda ƙafarsa, kusa da surukin nasa, ni ina baya da kayana. Na miƙa masa gora mai sanyi, ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun babbar riga. Duk bayan ɗan lokaci ina cewa, “Baffa, ka sha ruwa kuwa?” Ya ce, “Alhamdulillahi.” Ni kuma da rawar kaina na ɗauka ya sha. Ina ta yi wa maigidana faɗa ya ƙara sha, shi da yake direba.

Hanya ta fi yadda muka zata nisa. Mutumin da ya yi mana jagora ya ce mun makara, da hantsi ake barin yashin nan, ba da azahar ake shigarsa ba. Ya ce mu kwana mu fito da sassafe. Ni ce na ƙi. Na ce mun zo da ruwan da zai ishi ƙauye guda.

Baffa ya hau tudun da sandarsa, ya daɗe a tsaye. Ya nuna mana inda shanunsa suka sha ruwa, yana dariya irin wadda rabon da in ji ta tun ina yarinya. Da muka sauko na lura rigunanmu sun jiƙe sharkaf, tasa kuwa a bushe take. Ya fara kiran shanu da fulatanci, shanun da aka sayar tun kafin a haife ni. Sai ƙafarsa ta lanƙwashe.

Muka ja shi inuwar goruba. Jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Mai jagoran ya ce mu cire babbar rigar mu jiƙa shi mu yi ta fifita. Ina cire rigar gorar ta faɗo kan yashi, a cike, ko murfinta ba a fasa ba. Tun asuba ruwan da ya taɓa bakinsa na alwala ne kawai. Maigidana ya ɗauki gorar ya juya ta, ya dube ni.

Aka yi masa ƙarin ruwa a wani ƙaramin asibiti a hanya, washegari muka dawo da shi asibitin Azare. Likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, shekaru kuma sun ja. Na so maigidana ya yi mini faɗa ko sau ɗaya, bai yi ba. Shi kansa yake zargi, wai da ya tsaya a hanya ya fita duba taya ko na minti biyar ne, da Baffa ya samu damar shan ruwa. Ni kuwa na san wadda ta ce a shiga yashi da azahar, kuma har yau ban yafe mata ba.

Rana ta uku Baffa ya farfaɗo sosai, ya gane mu. Na zuba ruwa a kofi. Kafin in juyo maigidana ya tashi daga bakin gadon ya fita, ya zagaya bayan ɗakin inda ba rumfa ba bishiya, don kada ko inuwarsa Baffa ya hanga a ƙofa. Na tallafi kan Baffa, ya sha a hankali, kurɓi uku. Ya mayar da numfashi, ya dubi taga.

Ya ce, “Malam yana waje?”

Na ce, “Yana waje, Baffa.”

Ya ce, “Rana ce fa. Kai masa sauran ya sha.”

Na kai masa. Maganar da Baffa ya yi mini ta ƙarshe ke nan, da la'asar ɗin ranar ya cika.