Mas'uda Mai Ɗaurin Kaya da Dutsen Jawa

Idan ka shiga kasuwar Bab Makka a Jidda ka tambayi Mas'uda mai ɗaurin kaya, da haɓa za a nuna maka ita, don ba mai son ta ga yatsansa. Tana nan a lungun masu atamfa, kan wata kujerar roba da ta ga duniya, ga basilla, ga buhuna, ga tulin igiya. Alhazai da 'yan umara su jibgo sayayya har ta fi ƙarfinsu, su kawo mata, ita kuma ta danne, ta ɗinke, ta ɗaure, a kai wa masu kago su aika musu da shi gida. Ɗaurin Mas'uda ba ya kwancewa a hanya. Sai dai ka zo da kunnen jin magana, don da faɗa take haɗa aikin. "Ke Hajiya, Aljanna kika zo nema ko kwanukan samira? Yalla, hau buhun nan ki danne, nauyin nan naki ya yi rana!"

A Jidda aka haife ta, a unguwar Kurayyat. Uwarta ta zo aikin hajji daga Nijar ta yi zamanta, ba takarda ba dalili, ta raini 'yarta da sayar da gyaɗa da gudun masu kame. Mas'uda ta iya tsallake kwata da tire a ka tun kafin ta iya karanta Fatiha. Sai da ta auri Mato, mutumin Tasawa ta Nijar, direban babbar mota a wani kamfanin kayan gini, sannan ta sami iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin tasa, ta fara tafiya a titi ba waiwaye. Mato bai taɓa goranta mata ba. Ita ce dai ba ta yafe masa ba, don Mas'uda ta tsani a ce wani ya yi mata rana.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Hafsa, zazzaɓi ya ɗauke ta tana fara wayo. An binne ta a maƙabartar da ke kusa da Bab Makka, inda aka binne kakarta, uwar Mas'uda. Mata ba sa shiga, kaburburan kuma ba su da alama. Don haka kullum da safe Mas'uda kan bi ta jikin katangar, ta dafa ta, ta yi sallama, sannan ta wuce ta je ta fara zagin mutane. Tun daga rasuwar nan zaman gidansu ya koma na kare da kura. Shi shiru-shiru ne mai ƙunshe magana, ita kuwa ba ta kwana da ko ɗaya.

To, ina dutse ya shigo? Tun tana budurwa suna da maƙwabciya 'yar Indonisiya, irin waɗanda mutanen Jidda ke kira Jawa, sunanta Zakiya. Ita ta cika mata kunne da labarin wani dutse mai aman wuta a bayan garin Bandung, can ƙasarsu. Wai mota ce ke kai ka har bakin ramin, ka leƙa ka ga hayaƙi yana tashi daga cikin ƙasa, ko'ina warin farar wuta kamar baragurbi. Wai sanyi har haƙora na haɗuwa, gonakin shayi kore shar iya ganinka, kuma akwai wani kududdufi da ke tafasa da kansa, ka jefa ƙwai ka ciro shi dafaffe. Zakiya ta koma ƙasarsu tuntuni, amma dutsen bai bar kan Mas'uda ba. Matar da ta ɗaure wa rabin duniya kaya, ita iyakarta Makka da Madina da Ɗa'if. Duk sanda suka yi faɗa da Mato da shi take rufewa: "Me ka taɓa nuna mini ban da bayan babbar mota? Mazan kirki har dutsen Jawa suke kai matansu!"

Ana nan, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mato ya ajiye kofin shayi ya ce, "Mas'uda, ki shirya. Bayan ƙaramar Salla zan kai ki dutsen nan naki."

Ta dube shi sheƙeƙe. "Baban Hafsa, ciwon ajali ne ya kama ka, ko gobara kamfanin ya yi aka raba muku ganima?"

"Ke dai ba a yi miki gwaninta. Kin ce a kai ki, na ce zan kai ki. Halas."

Ruwa ba ya tsami banza, ita ma ta sani. Amma abin da mutum ya daɗe yana so yakan rufe masa ido. Da ta ga ya kai fasfo ɗinsu wurin mai sayar da tikiti, sai ta yarda, ta ji wani daɗi ya taso mata har ta rasa inda za ta sa shi. Da yake ba ta saba da murna ba, sai ta mayar da ita rigima.

Kai, an yi shirin tafiya a gidan nan! Maƙwabta sun ɗauka rabon gado ake yi. Ya ce su sauka a masauki mai araha a cikin gari, ta ce ita ba ta bar hayaniyar Bab Makka don ta je ta kwana a wata ba, sai kusa da gonakin shayi. Ya ce su bi motar 'yan yawon buɗe ido, ta ce Allah ya kiyaye a jera ta kamar akuyar kasuwa ana ce mata sauka, hau. Ta ce da ƙwanta za ta tafi daga Jidda, ya ce, "Kin taɓa jin ƙasar da ba kaji?" Ya sayo mata rigar sanyi ruwan toka, ta ce ta yi kama da bargon asibiti, ta sa ya mayar. Takalmi kaɗai ta sayo da kanta, sau-ciki mai igiya, mai kaurin ƙasa, irin na hawan dutse. Kullum bayan la'asar sai ta sa shi ta hau benen gidansu ta sauko, ta hau ta sauko, tana haki tana tsine wa wanda ya gina matattakalar.

A duk wannan, akwai abubuwan da ta gani ta kawar da kai. Mato ya kyautar da kejin tantabarunsa. Ya je Makka shi kaɗai ya wuni, ya dawo ido jawur, ya ce ƙura ce. Ya bi abokansa ɗaya ɗaya yana cewa a yafi juna. Da ta yi magana, ya ce ai jirgin sama ba abin wasa ba ne.

Kuskuren Mato ɗaya ne, kuma kuskure ne da jininsa ba zai bar shi ya kauce masa ba: Bahaushe ba ya komawa gida hannu rabbana. Shekaru aru-aru a ƙasa mai tsarki, ya shiga Tasawa ba tsaraba? Gara ya mutu a hanya. Ya yi sayayyarsa a ɓoye. Kuma da yake ba zai kai wa matarsa ta ɗaure ba, sai ya kai wa wata mata, Indo, wadda ke wannan sana'a a ɗaya bakin lungun. Indo kuwa, tun wata rana da Mas'uda ta kwance ɗaurinta a gaban alhazai ta ce ko ɗan akuya ba zai riƙe ba, take jiran ranar ramuwa.

Ranar ta zo da hantsi. Indo ta tako har gaban kujerar roba tana murmushin mugunta. "Yaya Mas'uda, zo ki taya ni da wani buhu mana, ya fi ƙarfina. Ke ce gwanar."

Mas'uda ta tashi tana mita ta bi ta. Buhun a buɗe yake. Dabino kwali-kwali, dardumomi, carbi, jallabiyoyin yara, turare, kwalli. Kayan mai komawa gida ne, ko makaho ya laluba ya sani. Ta sa hannu za ta gyara zaman kayan, sai ta ci karo da butar shayin Mato, mai lotsattsen murfi, wadda ya ce ta ɓace.

"Ashe gida za ku, ko sallama babu?" in ji Indo. "Mu da muke jin wai dutse za a hau."

Mas'uda ta ci gaba da tonawa har ƙasan buhun, ta ciro wani ƙunshi na farin yadi. Ba ƙandas ɗin sabon yadi a jikinsa, ya yi laushi ya yamutse, alamar an jiƙa shi an shanya. Ta san wannan, ta ɗaure irinsa ba adadi: likkafani ne da aka wanke da ruwan zamzam, wanda tsofaffi ke tafiya da shi gida su ajiye. Ƙunshi biyu ne. Na biyun ya fi yawan falle, har da na lulluɓin kai. Na mace ne.

Ta mayar da su cikin buhun. Ta ƙi bari Indo ta ga hawayenta. Ta ɗaga buhun ta aza a ka, ta ce, "Matsa, 'yar baƙin ciki. Ɗinkin ma a karkace kika fara shi."

Mato na zaune yana cin abincin rana ta shigo ta jefar da buhun a gabansa, dabino ya watse. Ta warware farin yadin ta shimfiɗa masa a kan tabarma.

"Wannan rigar sanyin ce ka canzo mini?"

Ya ajiye cokali. Ya dubi yadin ya ce, "Kafilina, mai kamfanin, ya sallame ni, Mas'uda. Ya ce na tsufa da tuƙi. Fita ce ba dawowa, ni da ke duka, tunda takardarki a jikin tawa take."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin azumi."

"Munafuki! Azzalumi! Wato ka dube ni ina hawa bene ina sauka kamar mahaukaciya, kana dariya a cikinka!"

"Ban yi dariya ba!" Karon farko ke nan a zamansu da ya ɗaga murya har ta fi tata. "Da na faɗa miki gaskiya za ki bi ni? Ke da ko sunan Tasawa ba kya son ji? Dutsen gaskiya ne, wallahi tallahi za mu je. Ki ga hayaƙinki, ki dafa ƙwanki. Daga can sai mu wuce Yamai. Na ce bari ki sami abu ɗaya da kike so kafin ki rasa sauran."

"A kan dutsen za ka faɗa mini? A ƙasar da ban san kowa ba, inda ba ni da hanyar dawowa? Tarko ka ɗana mini, ka sa dutsen a bakinsa kamar gyaɗar ɓera!"

"To me kike da shi a nan? Ɗakin haya da kujerar roba! Can akwai gidan ubana, akwai dangi."

"Danginka. Ni uwata tana nan, 'yata tana nan."

"Ko kabarinsu ba ki sani ba!"

"Na san katangar," ta ce.

Shi ma Mato ta jikin katangar nan yake bi da mota ko ba hanyarsa ba ce. Can ya ce a hankali, "In kika tsaya, kin koma ba takarda. Da furfurarki za ki koma gudu?"

"Da can da ka same ni a zaune nake?"

Ta tsugunna ta raba yadin biyu. Ta ninke nasa ta mayar cikin buhu, ta ɗauki nata ta rungume. "Wannan kam na gode, ka kyauta. A nan za a sa mini shi."

Ya roƙe ta, ya turo dattawan unguwa, har limamin masallacinsu ya zo ya yi nasiha kan biyayyar aure. Ta ba shi shayi ta raka shi ƙofa. Mato ya soke tafiyar Jawa, don me zai je ya yi a bakin rami shi kaɗai? Ana gobe zai tashi, Mas'uda ta farke ɗinkin Indo gaba ɗaya, ta zazzage kayan ta sake shiryawa. Ta ce ko rabuwa za a yi, ba za a ce wata banza ce ta ɗaure kayan mijinta ba. Ta naɗe butar shayin a cikin darduma don kar ta ƙara lotsewa. Tana ɗinki tana zaginsa, tana jan igiya tana share ido da gefen mayafi, shi kuwa yana zaune a kan buhun yana danne mata. Ba ta raka shi filin jirgi ba.

Auren yana nan, in aure ne wannan. Yakan kira ta ranar Juma'a, ta ɗauka ta ce ya rame a murya, wa ke dafa masa abinci, Allah ya ƙara. Ta bar ɗakin Kurayyat ta koma wani ɗan ƙuƙut kusa da kasuwa. Kullum da safe tana dafa katanga. Kujerar robar ma ta juya ta, yanzu bakin lungu take fuskanta, kuma duk motar da ta tsaya sai ta ɗaga kai, ko ta masu kame ce.

Kwanan baya wata 'yar umara, yarinya mai yawan tambaya, ta ga takalmin nan mai kaurin ƙasa yana leƙowa ta ƙarƙashin abayarta, ta ƙyalƙyale da dariya. "Hajiya, wannan takalmin fa? Kamar mai shirin hawan dutse!"

Mas'uda ta ja igiya ta ƙulle, ta datse ragowar da haƙori ta tofar.

"Na hawan dutse ne," ta ce. "Amma a gudu ma ba ya zamewa. Yalla, ɗauki kayanki ki ba ni wuri."