Muryar Baba

Dauloli sun tashi sun faɗi, soja sun hau mulki sun koma bariki, amma tarihi bai taɓa shaida ranar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Kudenda, ta yi waƙar Kirsimeti babu mahaifina ba. Haka shi ya ɗauka, kuma a kan wannan aƙida ya kusa mayar da mu marayu.

Shekarun farko na mulkin farar hula ne. Wata safiya yana shan koko, kofi ya suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin mu samo tasi ya warware, har yana faɗa an zubar masa da koko. A asibiti likita ya ce jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa ce ta ƙuntata, kitse ya kusa toshe ta. Sai an tsaga an kankare, in ba haka ba ɓarin jiki zai iya shanyewa kowane lokaci. Da ma nan ya tsaya. Amma mutum ne mai gaskiya, sai ya ƙara da cewa wasu muryarsu takan dishe bayan aikin.

Duk bayanin nan, wannan kaɗai Baba ya ji.

"Sai bayan Kirsimeti," in ji shi.

Ni malamin makaranta ne, na zana masa jijiyar da alli a bayan faranti. Ya duba, ya yaba zanen, ya ce a wanke farantin. Kirsimeti ta wuce, ya ce ai bikin Ista ya ƙarato.

"Baba, ranka fa ake magana."

"Yanzu dimokuraɗiyya ake yi, malam. An daina yi wa mutum dole."

Mama tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. "To, mai murya. In ɓarinka ya shanye, da wane bakin za ka yi waƙar? Ni dai ban iya ɗaukar ƙato zuwa bayan gida ba."

Watanni muka yi a haka. Ya yi tuntuɓe, sai na zabura in tare shi. Ya yi shiru a kujera, sai na kira shi don in ji ko zai amsa. Fasto ya roƙe shi, shi kuma ya koya wa fasto darajar baiwa.

Abin da ya karya shi hannunsa ne. Ana cikin sujada a coci hannun ya mutu masa na ɗan lokaci, littafin waƙa ya faɗi a gaban jama'a. Kunya ta yi abin da ilimina ya kasa.

Aka yi aikin lafiya. Da ya farfaɗo bai tambayi kowa ba, sai ya gyara murya ya gwada baiti ɗaya. Tana nan yadda take. Lahadin da ya koma, shugaban kwaya ya mayar da shi wurinsa na shekara da shekaru: layin baya, jikin ganga, inda ba a jin sa.