Abin da Tolegen-aga Yake Ji Kafin Rugugin Roka

Tolegen-aga ne malaminmu na kimiyya a Toretam, ƙauyenmu da ke gab da filin harba roka. Ba ya son allo. Kogin Sir Darya yake kai mu, ya zuba mu a kwalekwale da tarin duwatsu, ya ce a yi ta jifa baya. Sai kwalekwalen ya soma ja gaba, ba wanda ya taɓa filafili. Ya ce haka roka take. Ba iska take tokara ba, man cikinta take ƙonawa ta feso shi baya da ƙarfin gaske, fesowar ce ke ingiza ta. Mai na ƙarewa, nauyi na raguwa, gudu na ƙaruwa. In wani ya yi jifan lalaci sai ya ce, "Kai, da wannan hannun ko kaza ba ka ɗagawa."

Ɗansa guda ne, Daulet, yana cikin masu ɗura wa roka mai. Wata ranar bazara wuta ta tashi a wurin aikinsu. Aka kawo gawarsa cikin akwatin ƙarfe a liƙe, aka ce kada a buɗe. Tolegen-aga ya sa kafaɗa aka ɗauka zuwa maƙabarta. Da suka dawo ya gaya wa matarsa Zauresh-apa cewa akwatin bai yi nauyin mutum ba.

Daga nan ya daina zuwa kogi. Duk ranar harbawa sai ya bar shayinsa ya fita ƙofar gida ya tsaya. A ƙauyenmu haske ake fara gani, rugugin sai daga baya ya iso ya girgiza tagogi. Na taɓa tsayawa kusa da shi cikin wannan ɗan shirun. Ya riƙe hannuna gam.

"Ka ji shi?" ya tambaye ni a hankali. "Daulet ne. Ƙishirwa yake ji."

Ban ji komai ba. Na ce na ji.

Zauresh-apa ta gaji, ta kwashe shi suka koma birnin Kizilorda wajen 'yar'uwarta, inda ko hayaƙin roka ba a hangowa. Ta ce duk da haka bai taɓa kuskure ranar harbawa ba. Ba mai gaya masa, sai dai ta gan shi a tsakar gida da kwanon ruwa. Can ya rasu, a cikin hunturu. Ita ta roƙa aka binne shi can Kizilorda, nesa da rugugin roka.