Lambar da Ba Tawa Ba

Ni ɗan unguwar Banikanni ne, a garin Parakou. Mahaifina ɗan kasuwa ne, kuma shi ke jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Na sauke Alƙur'ani, na yi lakwal, wato makarantar boko, sannan na koyi rubuta manhaja a wani shagon kwamfuta da ke unguwar Titirou. A lokacin ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Kawuna dillalin doya ne a Djougou. Duk ranar da mota ta iso da kaya, sai ya wuni yana kiran masu saye ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta masa ƙaramar manhaja: a zuba lambobi, a danna, kwamfuta ta kira kowa bi da bi. Ya yi ta sa mini albarka. Ana cikin gyaranta ne na gano zan iya sa kowace lamba ta bayyana a wayar wanda na kira.

Da wasa na fara. Na kira abokina da lambar babansa, na kaurara murya, ya rikice, muka yi ta dariya. Labarin ya kai kunnen wani mai sayar da tsofaffin wayoyi, Garba. Ya same ni ya ce, "Ƙanena, kana riƙe da zinariya kana wasan yara da ita? Ba wanda za mu taɓa. Magana ce kawai." Na yarda, domin ina son in yarda.

Shi ke samo lambobi da sunaye, ni ke kira. Yau ni ma'aikacin kamfanin waya ne, gobe malamin asibiti. Wata ranar Laraba da hantsi na kira wani tsoho manomi a Kolokonde, da lambar ɗansa mai kabu-kabu a Parakou. Na ce ɗan ya yi hatsari, sai an turo kuɗi kafin likita ya taɓa shi. Ya ce, "Yana numfashi? Don Allah ɗana, ka tsaya kusa da shi." Na ce ina riƙe da hannunsa. Ya sayar da irin doyarsa ya turo. Abin da ban sani ba, daga nan ya hau babur zai taho. A hanyar daji suka faɗi shi da mai babur ɗin, ƙugunsa ya karye.

Bayan wata biyu jandarmomi suka zo har gidanmu. Manhajar da na rubuta tana ajiye tarihin duk kiran da ta yi, ni da hannuna na tsara ta haka. Garba ya tsallake iyaka, har yau ba a gan shi ba. A kotu, a kan kujera aka shigo da tsohon, ɗansa lafiyayye yana tallabe da shi. Ya dube ni ya ce, "Kai ne? Ashe yaro ne ma."

Shekara uku na yi a gidan kaso. Mahaifina bai zo ba ko sau ɗaya. Ya rasu ina ciki, wani gandiroba ne ya gaya mini, bayan an riga an binne shi.

Da na fito na tafi Kolokonde. Na tarar da tsohon kwance a tabarma, gonarsa ta zama ciyawa. Na durƙusa na roƙi gafara. Ya ce, "Na bar ka da Allah. Tashi ka tafi, kada ɗana ya dawo ya same ka."

Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum. Amma ku matasa masu ilimin kwamfuta, ku ji ni. Duk wanda ya ce muku magana ce kawai, ƙarya yake. A ɗaya ƙarshen wayar mutum ne, da iyalinsa, da ƙafafunsa. Wancan tsoho bai sake tsayawa a kan nasa ba, kuma ni na jawo.