Malam Kyari Mai Duban Kuɗi

Shekara ashirin da biyu Malam Kyari ya yi yana kashiya a banki. Da ya ajiye aiki, sai ya sa kafinta ya ƙera masa ɗan akwati, ya saka fitila mai shuɗin haske a ciki. Duk Laraba yakan hau Keke Napep daga unguwar Yerimaram zuwa kara, kasuwar shanu, ya zauna a rumfar wani mai sayar da igiya. In makiyayi ya sayar da sa, sai ya kawo masa kuɗin ya duba. Takarda mai kyau in ta shiga akwatin lambarta kan koma kore, jabu kuwa duk jikinta sai ya ɗau haske fari fat.

Tun rasuwar matarsa, abokin hirarsa ɗaya ne, maƙwabcinsa Ɗantala dillali. Tare suke shan koko kullum da safe.

Wata Laraba wani makiyayi, Bubayaro, ya kawo kuɗin bijiminsa, Ɗantala na biye da shi, don ta hannunsa kuɗin suka fito. Guda shida suka yi fari. Kyari ya yi ta mayar da su cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, sake dubawa mana," in ji Ɗantala, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sau uku na duba, Ɗantala. Waɗannan shidan ba kuɗi ba ne."

Nan da nan mutane suka taru. Ɗantala ya rantse wani baƙon mai saye ne ya ba shi. Kyari ya miƙe ya ce ya yarda da shi, ya san halinsa, amma magana ta riga ta zaga kara. Makiyaya suka daina ba Ɗantala shanunsu. Sau biyu Kyari ya je ƙofar gidansa, aka ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a zaure. Bayan damina Ɗantala ya kwashe iyalinsa ya koma Fika, ko sallama babu.

Yanzu yawancin ciniki ta waya ake biya. Wani lokaci sai Kyari ya yini mutum biyu kacal suka zo wurinsa. 'Yarsa Ramlat kan kira shi daga Damaturu.

"Baba, ka dawo wurinmu mana, zaman me kake yi kai kaɗai?"

"Bari dai a wuce Sallah, Ramlatu, kasuwa za ta cika."

Sallah uku ke nan yana ba ta wannan amsa.