Mitar da Ba Ta San Sunan Malam Tanimu Ba

Wata rana, cikin watan jiya, na tafi wurin telan da ya shafe shekara ashirin da biyu yana ɗinka mini manyan riguna, wato Malam Tanimu.

Kekunan ɗinki biyar ne a shagonsa, duka masu aiki da lantarki. Na tarar an lulluɓe uku da tsofaffin zannuwa. Kuɗin wuta ya fi ƙarfinsa, ya sallami ma'aikata uku.

Mu da muka koyi aikin ofis a zamanin da ake girmama takarda ba ma zuwa wuri hannu rabbana. Na zaro fom ɗin tallafin da gwamnati ta ware wa masu sana'o'in da tsadar lantarki ta durƙusar. Na gyara tabarau, na fara cike masa da alƙalamina.

Suna, na rubuta. Sana'a, na rubuta.

Sai muka iso layi na bakwai: sunan da ke kan mita, tare da rasit na wata goma sha biyu. Mai wannan suna shi za a bai wa tallafin.

Ya ce mu tsallake wannan layin.

Na ce, “Malam Tanimu, ba ka biyan kuɗin wuta ne?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu nake ciyar da mitar nan, amma ba ta san sunana ba. Sunan Alhaji Maikano mai shagon ta sani.”

Na ce, “To, je ka ya sa hannu a sauya.”

Ya ce, “Mutumin da ya ba ni mabuɗi ranar da na shigo garin nan da almakashi kaɗai? Shi ya yi wa 'yata walicci. Da wane baki zan ce masa ina son takarda tsakanina da shi?”

Na auna lamarin ta kowace fuska, kamar yadda aka horar da mu.

In ya nemi sa hannu, ya nuna bai yarda da ubangidansa ba. In ya tashi ya kama wani shago, sabuwar mita ba ta da rasit na shekara guda. In ya zauna, wuta za ta cinye sauran kekunan.

Na mayar da murfin alƙalamina. A tsawon aikina na gwamnati ban taɓa barin fom a layi na bakwai ba.

Shekaranjiya na bi ta ƙofar shagon. An lulluɓe keke na huɗu.

Darasi: Abin da aka ƙulla da baki saboda kunya, ranar da hukuma ta tambayi takarda ba ya da bakin amsawa. A rubuta tun ana dariya da juna, domin rubutu ba ya rage mutunci.

Duk wanda ya san mai sana'ar da ke biyan wuta da sunan wani, ya daure ya isar masa da wannan tun kekunansa na juyawa.